Ƙarar da Baba Bai Ji Ba

Ku matso kusa, masu karatu, yau ba zan ɗaga murya ba, domin abin da zan faɗa ko Mama ba ta sani ba. Wadda ta san bakinta ba ya riƙe magana, don Allah ta tsaya a nan, ta je ta nemi labarin masu kuka a kan filo.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce 'yar makaniken nan da ake cewa ta ƙi auruwa. Na kusa talatin. Ina tsaron shagon kayan gyara da ke manne da garejin Babana, garejin kuma yana manne da gidanmu, shi ya sa ko a falonmu ka zauna sai ka tashi da warin baƙin mai. Na gwada turare iri-iri. Duk wanda na fesa, bayan minti kaɗan sai ya koma ƙamshin gareji mai tsada.

Direbobi suna kiran Baba da suna Mai Kunne. Shekara da shekaru ba a buɗe masa mota kafin ya faɗi ciwonta. Ka wuce ta gabansa kawai, ya karkata kai, ya ce maka bushin ɗin hagu ne. Da wannan kunnen kuma yake tantance masu nemana. Duk wanda zai zo gaishe shi a kaina, da motarsa zai zo, ya hau tudun simintin da ke bakin get ɗinmu a hankali, Baba yana tsaye yana saurare. Idan motar ta yi ƙara, magana ta ƙare a nan.

"Mutum yana zaune a cikin abu kullum," in ji Baba, "abin yana kuka a ƙarƙashinsa bai ji ba. Shi zan ɗauki 'yata in ba?"

A haka ma'aikacin banki ya tafi a kan birki. Mai shagon waya ya tafi a kan shokozoba. Wani likitan haƙori, bawan Allah, ya wanke mota har tana ɗaukar ido, bel ɗin inji ya yi masa tsuwa sau ɗaya, ko lemon da aka zuba masa bai sha ba.

To ga abin da na ce ku matso ku ji. Kunnen Baba ya tafi. Ya daɗe da tafiya. Idan kana gabansa yana kallon bakinka, zai kama maganarka. Amma kukan ƙarfe daga nesa, ko motar wargajewa take, ba ya ji. A gida babu wanda ya lura, saboda tun yana ji rangaɗaɗau ya saba yi wa Mama kunnen uwar shegu, sai ta ɗauka halin ne yake ƙaruwa da shekaru.

Ni na gano. Wata rana wani direba ya wuce da mota tana ƙwanƙwasa kamar ana daka, na ga Baba ya karkata kai, ya yi shiru, idonsa yana yawo. Daga cikin shago na ɗauki waya na tura masa saƙo: "Bol-joyin ƙasa, dama." Wayar ta girgiza a aljihunsa. Ya ciro ta kamar mai duba lokaci, ya mayar, ya gyara murya ya faɗi ciwon motar. Direban ya riƙe baki yana cewa Mai Kunne sai dai a bar shi.

Tun daga ranar haka muke aiki. Ni nake ji, shi yake faɗa. Idan mota tana da ciwo, in tura saƙo. Idan ban tura komai ba, lafiyarta ƙalau ke nan. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba, ko da wasa. Da safe in gaishe shi, ya ce, "Uwata, an tashi lafiya?" shi ke nan.

Kun dai fara hasashe, ko? E, ni na kori mai banki. Mutumin da zai yi miki awa guda yana ba ki labarin kansa, ko birkinsa bai yi ƙara ba ai sai ki nemo masa. Likitan haƙori kuwa bakina yake kallo idan ina magana, ba kallon so ba, kallon aiki. Ban yi wa kowa ƙarya ba, motocinsu duk suna da ciwon. Kawai dai ban ji ciwon faɗa ba.

Sai ga Mai Sola.

Sana'arsa ke nan, yana haɗa wa mutane wutar sola, yana yawo da faifai da batura a bayan wata farar akori-kura. Ya shigo shagonmu neman fiyus, ya tafi da fiyus, ya dawo washegari neman wani, har sai da na tambaye shi ko cin su yake yi. Ya yi dariya har da riƙe kanta. Ina son sa. Na faɗa, ku rubuta ku ajiye. Shi ne namiji na farko da idan na yi masa maganar mota ba ya cewa "ke kuma a ina kika sani?" Injiniya yake kira na, kuma ba da gatse ba.

Bakina ne ya ja min. Wata yamma yana tsaye a ƙofar shago, na dubi motar tasa na ce, "Wai ita wannan me ya sa kullum take sunkuyar da kai, kamar wadda aka yi wa faɗa?" Duk akori-kura haka take, gabanta ya ɗan fi bayanta ƙasa, don idan an ɗora kaya ta daidaita. Na san haka sarai. Tsokana ce kawai irin ta mai neman a ƙara minti biyar ana hira.

Bawan Allah ya ɗauke ta da gaske. Ya tafi wurin wani abokinsa da ya koyi kanikanci a bidiyon waya, suka sayo wasu zobba masu kauri, suka ɗora a saman shokozoban gaba, gaban motar ya tashi. Ya turo min hoto yana jingine da ita, ya harɗe hannu.

"Injiniya, ta daina sunkuyawa."

Na ƙura wa hoton ido. Da batura a baya, yanzu motar sama take kallo, kamar akuya tana miƙa wuya ga ganye.

"Ka taɓa sitabilaiza?" na rubuta.

"Wane ne shi?"

Bari in yi muku bayani a gurguje, 'yan mata, don wata rana zai yi muku amfani. A ƙarƙashin gaban mota akwai wani lanƙwasasshen sandan ƙarfe da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu. Shi ke hana mota kwantawa gefe idan ta sha kwana. Makanikai suna ce masa sitabilaiza. Kowane gefensa yana rataye da ɗan gajeren ƙarfe mai suna lingej. Idan ka ɗaga gaban mota ka bar lingej ɗin da tsawonsu na da, sandan zai karkace, komai ya ɗaure tamau, duk tudun da ka hau sai ka ji ƙwas-ƙwas kamar ana buga ƙofa.

Na ce ya ɗauko min sautin motar a kan tudu. Ya turo. Na saurara, na ajiye waya, na ɗora hannu biyu a ka. Ranar Asabar zai zo gaishe da Baba.

Ranar kuma a gida aka kafa min kotu. Ina ɗaki ina goge doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, wadda na ware don Asabar ɗin, Mama ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ture filona gefe. Bayanta Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda idan ta shigo ɗaki sai iska ta nemi hanyar fita. Ta cire mayafi ta yi fifita da shi.

"Ke," in ji Mama, "wannan ne na ƙarshe. Na gaji da dafa shayi ana zubarwa."

"Mama, ai ba ni nake korar su ba."

Allah Ya yafe min, ko ƙiftawa ban yi ba.

"Mun sani, ubanki ne," Gwaggo ta karɓe. "Shi ya sa na samo masa maganinsa. Ɗan yayan mijina. Yaro natsattse, yana da aikinsa, ba ya shan komai, kuma ba shi da mota."

"Ko keke?"

"Ko keke. Da ƙafarsa zai tako ya hau tudun nan. Sai in ga abin da Yaya zai saurara. Gwiwa?"

Mama ta yi dariya har da tafawa. Ni ban yi ba, domin na san yaron. Shi ne wanda a bikin 'yar Gwaggo ya tambaye ni ko bayan aure zan iya wanke hannuna ya koma irin na mata. Na ce wa Gwaggo na ji, na ci gaba da guga har na kusa ƙona wuyan rigar.

Za ku ce me ya hana in je in sami Baba in ce masa wannan karon ya ɗaga ƙafa. Ku gwada ku gani. In tsaya a gaban mahaifina, in buɗe baki sosai yadda zai karanta leɓena, in ce ina son namiji? Ƙasa ta tsage in shige ya fi min sauƙi. Ban da haka, yin maganar yana nufin in faɗa da bakina cewa ni ce kunnensa, abin da mu biyun muka yi shekaru muna zagayewa.

Saboda haka na koma kan Mai Sola. Na rubuta masa dalla-dalla: ya sayi lingej masu zare, waɗanda ake ƙara musu tsawo. Kada a ɗaure su mota tana kan jak. Sai an sauke ta, tayoyi huɗu a ƙasa, nauyinta ya zauna, sannan a daidaita a ɗaure.

"An gama, ranki ya daɗe," ya rubuto, da hoton zuciya har uku.

Washegari ya kira ni muryarsa fal murna. "Ƙara ta ɗauke gaba ɗaya. Abokina ya samo hanya mai sauƙi."

"Wace hanya?"

"Ya cire su."

"Ya cire me?"

"Lingej ɗin. Ya ce abin da babu shi ba ya ƙara."

Kafin in samo kalmar da ta dace da abokin nan, wadda kuma za a iya rubutawa a nan, sai ya ƙara da cewa ga shi ma ya hango Gwaggo a bakin kasuwa da kaya, bari ya rage mata hanya ya sami lada. Na ce kada ya kuskura. Ya riga ya kashe waya.

Abin da ya faru a shataletale, daga bakin Gwaggo muka ji shi, tana tsaye a tsakar gida ɗankwali a karkace. Ta ce yaron yana shan kwana motar ta kwanta kamar kwale-kwale. Ta ce ta bar kujerarta ba da niyya ba, ta tafi gaba ɗayanta ta sauka a kafaɗarsa, kiret ɗin ƙwan da ke cinyarta ya bi ta. Ta ce ta yi salati, shi ma ya yi, ƙwai kuma suka yi abin da suka saba.

"Yaron dai yana da ladabi," ta ce tana goge gwaiduwa daga hannun riga. "Yana ƙarƙashina yana ba ni haƙuri. Amma motar nan ba za ta wuce Yaya ba. Ku fara shirin tarbar nawa."

Na shige banɗaki na yi dariya har hawaye, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu daban. Na fito na rubuta masa saƙo ba zuciya ko ɗaya a ciki: "Ka mayar da su yau. Sababbi. A ƙasa za a ɗaure, ba a kan jak ba. Idan ka sake barin abokin nan ya yi tunani, ni da kai sai a lahira."

Da yamma ya turo hoton sababbin lingej a ɗaure, suna ƙyalli. Na buɗe hoton sosai da yatsu biyu. A can gefe, ƙasa-ƙasa, na hango jan ƙarfen jak.

"An sauke ta kafin a ɗaure?"

"Kusan haka."

"Mene ne kusan haka?"

"Abokina ya ce duk ɗaya ne. Na zagaya da ita, shiru take kamar masallaci."

A kan kwalta mai santsi ya zagaya. Na san haka, shi ma ya sani.

Asabar ta zo. Mama ta sa an wanke falo, an sauya labule, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai baƙo mai muhimmanci. Na sa rigata ruwan toka, na yafa farin mayafi, na sa ɗan kunnen da ke jan kunnena ƙasa, na zauna a bakin tagar shago, inda nake ganin get, waya a cinya. Baba ya fito da rigar aikinsa shuɗiya, wadda aljihunta ya yi baƙi saboda shigar hannu. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Mama da Gwaggo suka jera a ƙofar gida. Har maƙwabta biyu sun leƙo, don gwajin Baba ya zama abin kallo a layinmu.

Farar motar ta shawo kwana, hancinta a sama. Mai Sola yana ciki da farin yadi sabo fil, guga kamar ta yanke hannu. Ya rage gudu. Tayar gaba ta taɓa tudun.

Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

Masu karatu, ba ƙara ba ce ta sai mai kunne. Kazar maƙwabta sai da ta tsorata. Gwaggo ta dubi Mama, Mama ta rufe ido. Kowa ya juya yana jiran Baba, kamar yadda aka saba.

Baba ya karkata kai. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya ciro waya kamar mai duba lokaci.

Babu saƙo.

Na riga na rubuta shi, yana nan a gabana, yatsana yana kansa. Idan na tura, Baba zai faɗi ciwon, ƙa'idarsa ta hau kan Mai Sola, ni kuma in fara shirin tarbar mai tafiya a ƙasa. Idan ban tura ba, Baba zai buɗe baki a gaban matarsa da ƙanwarsa da maƙwabta ya ce motar nan lafiyarta ƙalau. Kafin magariba duk direban da ke garin nan ya ji cewa Mai Kunne ba ya ji.

Na ga fuskarsa ta saki. Wallahi murmushi ya fara. Ya ɗauka yau an sami motar da ta wuce, ya ɗauka na ce masa wannan ya yi. Ya mayar da wayar aljihu, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu.

"To, yau dai..."

Na tura.

Na ga lokacin da ta girgiza a ƙirjinsa. Ya tsaya da hannu a sama. Ya yi tari na ƙarya, ya sake ciro ta. Ga abin da na rubuta masa: "Lingej ɗin sitabilaiza, duka biyu. An ɗaga gaba, an ɗaure a kan jak."

Ban san lokacin da yatsuna suka ƙara wani saƙon ba. Da na tsaya tunani da ban yi ba. "Baba, wannan ina son sa."

Ya karanta na farko. Ya karanta na biyu. Ya daɗe a kan na biyun fiye da yadda kalma biyar suke buƙata. Bai dubi taga ba. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, ina jin kunya tana bin jikina kamar zazzaɓi.

"Yau dai," Baba ya maimaita, murya a dake, "na ji abin da ban taɓa ji ba. Kai, fito."

Mai Sola ya fito, ya durƙusa. "Baba, ina wuni."

"Wa ya ɗaga maka gaban mota?"

"Abokina ne, Baba."

"A kan jak ya ɗaure lingej?"

Mai Sola ya ɗago a firgice, kamar ya ga mai duba. "E, Baba."

Maƙwabcinmu ya girgiza kai ya ce Mai Kunne sai dai a bar shi. Gwaggo ta gyara mayafi, tana murmushin wadda ta ci zaɓe. "To Yaya, sai a sallame shi ko? Shayi yana hucewa."

Baba bai ga bakinta ba, ko kuma ya gani ya yi halin nasa. Ya nuna ramin gareji. "Hau da ita can."

Ba a taɓa yin haka ba. Mama ta buɗe ido. Mai Sola ya hau da mota kan ramin, ya sauko yana kallon farin yadinsa, yana kallon matakalar da ta sha baƙin mai tun kafin a haife ni. Baba ya miƙa masa sifana biyu.

"Shiga."

Ya shiga. Allah Ya sani a nan na ƙara son sa, don ko naɗe hannun riga bai tsaya yi ba.

Baba ya bi shi ciki, sannan ya leƙo daga ramin. "Ana so nauyin direba ya kasance a kujera. Direban kuma yana nan ƙasa. Ke," ya nuna Gwaggo, "zo ki zauna."

"Ni? Yaya, ni ce buhun siminti?"

"Kin ɗan fi shi, amma za a yi maneji."

Mama ta toshe baki da mayafi. Gwaggo ta yi rantsuwa cewa ba za ta sake shiga motar nan ba ko gawarta ce, sannan ta shiga, saboda duk faɗin bakinta ba ta taɓa tsallake maganar Yayanta ba. Motar ta ɗan nutsa ta gefen hagu. Ta zauna riƙe da sitiyari, fuska a murtuke, tana kallon sama tare da motar.

Na kawo musu fitila, na tsuguna a bakin ramin. Baba ya sa shi ya kwance lingej ɗin duka biyun. Da aka cire na dama, sandan ya yi tsalle ya koma mazauninsa, alamar da ƙarfi aka tanƙwara shi. Lingej ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan faɗin yatsa, notin da ke kulle zaren kuma ko ɗaure shi ba a yi ba.

"Duba nan," in ji Baba. "Hannun sandan ya kwanta daidai da ƙasa. Ka ɗaure gefe ɗaya. Ɗayan kuma ka riƙa murɗawa har kusar ta shige raminta da yatsa biyu. Idan sai ka sa ƙarfi, ba ka gama ba."

Mai Sola yana murɗawa, mai yana ɗiga a kafaɗarsa. Can ya yi tambaya, fuskarsa tana wajen taya. "Baba, in ƙara ko ya isa?"

Shiru. Baba yana gefensa, bai ji ba.

Ya sake tambaya, da ɗan ƙarfi. Shiru. Na ga ya juyo ya dubi Baba, ya ɗago ya dube ni, ya dubi wayar da ke hannuna. Mutumin da ya kasa gane cewa jak da ƙasa ba ɗaya ba ne, sai ga shi ya gane wannan cikin ƙiftawar ido.

Ya matsa ya zagayo inda hasken fitila zai faɗa a fuskarsa, ya taɓa hannun Baba, ya sake tambayar a hankali, yana buɗe baki. Baba ya dube shi na ɗan lokaci.

"Ƙara rabin zagaye," ya ce.

Kusar ta shige da yatsa biyu. Suka ɗaure, suka kulle. Aka saki Gwaggo, ta fito tana cewa a rubuta mata ladan aikinta. Mai Sola ya fito daga rami, farin yadin ya koma taswira. Baba ya ce masa fitilun gaba ma yanzu saman bishiya suke haskawa, kuma sai an yi wa tayoyin saiti, ya dawo da ita ranar aiki. Sannan ya ce ya fita da ita ya sake shigowa.

Ya fita, ya juyo, ya hau tudun. Babu ko ƙis. Na riƙe wayata da hannu biyu don kada ta yi wani abu da kanta. Baba ya karkata kai, ya duba lokaci, ya mayar da wayar.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "A ba shi shayi."

Mama ta kusa faɗuwa wajen juyawa ta shiga gida. Ta shimfiɗa tsohon zane a kan kujerar falo kafin ta bar shi ya zauna, amma a kofin gilashi ta zuba masa. Gwaggo ta cinye biskit ɗin baƙo rabi don huce haushi, tana cewa ita dai nata yaron ba ya ɗigar da mai. Ni ina tsaye a bayan labule ina ta murmushi kamar wawiya, ina jin kamar in fita in rungumi motar.

Baba bai shigo falon ba. Da na leƙa ta taga, yana zaune a kan bencinsa na gareji, ya sa tabarau, ya sunkuya a kan waya yana danna ta da yatsa ɗaya. Na ɗauka lambar wani direba yake nema. Baba ba ya rubuta saƙo, ko na barka da asuba bai taɓa tura wa kowa ba.

Sai wayata ta girgiza.

"Na gani, Uwata. Yaron ya yi. Allah Ya sa albarka."

Ina cikin karantawa, ido ya cika, wani ya sake shigowa.

"To idan kin tafi, ni wa zai riƙa ji min?"

Na ɗago. Wata mota tana shigowa garejin, tana wata 'yar ƙara ta baya, direban ya leƙo yana gaisuwa. Baba ya cire tabarau ya miƙe, ya karkata kai, hannunsa a kan aljihu.